A ce ana son doki dubu don yaƙi cikin wata uku: ta ina za a fara?

Mai Kula da Zaure, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayar da ta taso bayan hawan sallah ita ce wannan. A ce zamanin doki ne, yaƙi ya taso, hukuma na son dawaki dubu da dabbobin kaya cikin wata uku. Ta ina za a fara, kuma me ke lalata aikin? Akwai dillalai a nan, akwai likita, akwai masu barga da masu sirdi. Don Allah a yi magana da lissafi.

Malamin Tarihi, Gwandu:
Wa alaikumus salam. A fara da abin da kuɗi ba ya saye, wato lokaci. Goɗiya wata 11 take ɗaukar ciki. Duƙushin da ta haifa ba ya isa aikin soja sai ya cika shekara biyar. Ke nan dokin da za a hau bana, shekara shida da suka wuce aka yi barbararsa. Maƙeri yana iya kwana yana ƙira ya ninka masu, amma babu mai ninka doki.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, sojan Ingila dawakinsu kimanin 25,000 ne kacal. Cikin mako biyu suka karɓo fiye da 100,000 daga hannun manoma da masu keken doki da kamfanoni, ana biyan mai shi amma ba shi da ikon ƙi. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne tun 1887 suna da hukumar samar wa soja dawaki, kuma an riga an san gidan da kowane doki yake. Da na gida suka ƙare sai suka juya Amurka da Kanada, suka riƙa lodin dawaki da alfadarai dubu ɗaruruwa ta teku har yaƙi ya ƙare a 1918.

Dillali, Jega:
Malam ya hwaɗi gaskiya. Amma in ka ce a tara dubu cikin wata ukku, ranar da labari ya kai Illela da Mai'aduwa da Maigatari kuɗin doki ya tashi ke nan, kuma duk wani gurgu da tsoho da ke cikin ƙasa za a wanke shi a kawo. Don haka mai saye shi aka fara nema, ba doki ba.

Baki aka fara buɗewa. Haƙoran gaba na tsakiya doki shina canza su da shekara biyu da rabi, na gefensu ukku da rabi, na ƙurya huɗu da rabi. Da shekara biyar baki ya cika. Kan kowane haƙori akwai ɗan rami baƙi. Na ƙasa na tsakiya shina shahewa wajen shekara shida, na gefe bakwai, na ƙurya takwas. Masu ha'inci suna ƙwaƙule haƙorin tsohon doki su ƙona shi da ƙarhe don ramin shi dawo. Abin da ka tona su shi ne tsawon haƙori da yadda ya miƙe gaba, don na yaro a tsaye yake. Bayan baki sai ƙahwa. A sa shi sassaka bisa ƙasa mai tauri ya tahi ya dawo, ka dubi kansa: in shina ɗaga kai duk sa'ad da ƙahwa guda ta gaba ta taɓa ƙasa, wagga ƙahwa na ciwo. Sannan a sukwane shi a tsai da shi ka sa kunne ga numfashi. A kaɗa hannu kusa ga kowane ido. A shafa gadon baya, duk inda ka ga farin gashi tsibi guda inda sirdi ka zama, tsohon miki na, kuma nan zai sake buɗewa. Shekara biyar zuwa tara, shi ka nan. Launi kuwa, kili da danda sai hawan sallah, ana hango su daga nesa. Akawal da jan doki sun fi.

Likitan Dabbobi, Gusau:
Alhaji, na yarda da duk wannan, amma ko an sayi dubu masu lafiya, ranar da aka haɗa su wuri ɗaya ranar ake fara asara. Doki daga Arewa, doki daga Azbin, doki daga Barno, kowa da cutar da jikinsa ya saba da ita, sai a sa su sha a kwami ɗaya. Mako biyu ba su cika ba za ka ji tari ya zagaye barga, ka ga majina da kumburin ƙasan muƙamuƙi.

Ƙa'ida ita ce a raba su ƙungiya-ƙungiya bisa ranar zuwansu, kowace ƙungiya da turakunta da bokitinta da masu kula da ita, mako uku ba su gauraya da kowa ba. A auna zafin jiki safe da yamma. Na lafiyayye yana tsakanin 37.5 da 38.5. Wanda ya haura a fitar da shi nan take, kada a jira ya fara tari. Cutar da sojoji suka fi tsoro ita ce gilanda, mai sa gyambo a hanci da huhu da fata, tana kuma kama mutum. A wancan zamani ba ta da magani, sai dai a yi wa doki allurar gwaji a fatar ido ko wuya, in wurin ya kumbura cikin kwana ɗaya zuwa biyu a harbe shi a binne. Jamusawa sun san haka, shi ya sa a 1915 wani likita, Anton Dilger, ya riƙa renon ƙwayar cutar a wani gida kusa da Washington don a sa wa dabbobin da ake shirin kai wa Ingila da Faransa.

Sai jigila, jirgin ruwa ne ko tirela. Kuskuren da ke kashewa shi ne ɗaure kan doki sama na tsawon yini. Doki sai ya sunkuyar da kai datti ke fita daga maƙogwaronsa. In aka hana shi, ga ƙura ga zaurin fitsari, ciwon huhu ne zai biyo baya. A sassauta ragama, a tsaya duk bayan awa huɗu a ba da ruwa.

Malamar Noma, Zuru:
Iyayena, kuna ta maganar saye, ni kuwa ina ganin saye shi ne mai sauƙi. Ga lissafin ciyarwa. Dokinmu mai nauyin kilo 350 da ke aiki kullum yana bukatar kamar tiya ɗaya da rabi ta hatsi, da harawa ko busasshiyar ciyawa kilo biyar zuwa shida. Doki dubu ke nan tiya 1,500 a yini. In buhu tiya 40 ne, kusan buhu 38 kullum, sama da buhu 1,100 a wata. Harawa tan biyar kullum, ita kuwa ba nauyi ne matsalarta ba, cika wuri ne. Ruwa lita 40 ga kowane ɗaya, da bazara ya fi haka: lita 40,000, jarka 1,600 ta lita 25, kullum. Wace rijiya ce a ƙauye za ta ɗauki wannan?

Yanzu a ɗauko hatsin. Jaki rabin buhu yake ɗauka in tafiya mai nisa ce, jakai 76 ke nan kowace rana don dawa kawai, su ma kuma da bakinsu. Alfadari na ɗaukar kilo 70 zuwa 80. In babu kiwo a hanya yana cin kusan kilo bakwai a yini, to cikin kwana goma ya cinye kayan da ya ɗauko. Kwana biyar zuwa, biyar dawowa, bai kai wa kowa komai ba. Wannan lissafin ne ke yanke wa runduna iyakar inda za ta kai. A yaƙin 1914 zuwa 1918, abincin dabbobi da Ingila ta tsallakar zuwa Faransa ya kai tan miliyan 5.4, harsasai da albarusai tan miliyan 5.2. Ciyawa da hatsin doki sun fi makamai nauyi.

Baban Barga, Argungu:
Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, nan maganar take. Shi ya sa magabata ba su hita yaƙi sai bayan kaka, sa'ad da rumbuna sunka cika, harawa na bisa itace, gulbi ya janye, ƙasa ta bushe.

Sai dai ba yawan abinci kaɗai ba, yadda aka ba da shi. Tumbin doki ƙarami na, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga sai dai shi hita ta baya ko shi kashe shi. Ruwa aka fara ba shi, kana hatsi. In ka ba shi dawa ya ƙoshi sannan ya sha ruwa da yawa, ka jawo murɗar ciki. Tiya ɗaya da rabin nan a raba ta ukku, mafi yawa da dare. Dokin da ya saba da gero kada a juya shi ga dawa rana guda, a riƙa gaurayawa har kwana goma. Sabuwar dawa da ba ta gama bushewa ba, da harawar da ruwa ya taɓa ta yi hunhuna, da ɗanyar ciyawar farkon damina ga dokin da ya kwana da yunwa, duk suna kumbura ciki. In doki ya tsinke igiya ya afka wa buhu ya ci ya ƙoshi, ko bai mutu ba kofato ka ɗaukar zahi ya riƙa tsayuwa bisa dugadugai. Dusa da ɗan gishiri da kanwa kaɗan, ba kullum ba. Kuma kar a zuba hatsi ƙasa cikin rairayi, rairayin shina taruwa cikin hanji. A sa cikin taska ko bisa buhu.

Baduku, Talata Mafara:
Baba, ku gafarce ni, amma doki ya ƙoshi ma sirdi na iya fitar da shi daga yaƙi cikin kwana uku. Sirdi gefen baya biyu yake hawa, inda nama yake. Bai kamata ya taɓa ƙashin baya ba ko kaɗan. Bayan mahayi ya hau, yatsu uku su shiga tsakanin kwacciya da tsinin ƙashin kafaɗa. Matsalar yaƙi ita ce doki yana ramewa. Sirdin da ya zauna daidai ran fita, bayan mako uku ya sauko ya hau ƙashi. Dole a riƙa ƙara shimfiɗa a gefe biyu ana barin tsakiya, a riƙa duba zubka kada ta nannaɗe ko yashi ya maƙale mata. Majayi kada ya ciji fata bayan gwiwa.

Dabbar kaya ta fi shan wahala, don mahayi yana gyara zama, kaya kuwa ba sa gyarawa. Mangala ko taiki, ɓangaren dama da hagu su zo daidai, bambancin kilo biyu ya isa ya karkatar da akumari ya goge baya. A ɗora gefe biyun lokaci ɗaya, mutum biyu. In an tsaya fiye da rabin awa a sauke. Sannan doki dubu ba sirdi dubu kawai ba ne. Ragama, linzami, likkafa, dabaibayi, igiyar turke, da na canji. Mai ƙira da baduku su bi runduna, in ba haka ba majayi ɗaya ya tsinke an rasa mahayi.

Dillali, Jega:
Ina da ja ga abu guda. Duk wanga misali na Turawa na. Dokinmu ba ya son takalmin ƙarhe, shina jure ƙishirwa, ya san rana. Dokin Bature in ya zo nan wata guda ba ya kaiwa. Mi za mu koya gare su?

Malamin Tarihi, Gwandu:
Alhaji, abin koyon kuskurensu ne. A yaƙin da ta yi da Bowa, wato Turawan da suka daɗe da zama a Afirka ta Kudu, 1899 zuwa 1902, Ingila ta yi asarar dawaki sama da 300,000. Sun kwaso su daga Amurka da Ajantina da Ostareliya da Hangare, makonni a cikin jirgi a tsaye, ana sauke su sai a aza musu soja da kaya fiye da kilo 110 a tura daji. Wasu ma daga sanyi aka kawo su cikin zafi da gashin hunturu a jikinsu. Bowa kuwa ƙananan dawakin ƙasar suke hawa, masu rayuwa da ciyawar wurin. Wato maganarka ce. Amma dokinmu ma baƙo ne in ya bar ƙasarsa. Ka gangara da shi kudu da Yawuri zuwa dazukan Nufe da damina, ƙudan tsando ya sa masa sammore. Shi ya sa Oyo ta dogara da sayen dawaki daga arewa, ba ta iya kiwonsu yadda take bukata. A Gabashin Afirka a 1916 rundunar Ingila ƙarƙashin Janar Smuts ta rasa dawaki da alfadarai dubbai cikin 'yan watanni saboda tsando da ciwon dawaki. Sojan Nijeriya da suka isa can a ƙarshen shekarar, 'yan dako ne suka ɗauki kayansu a ka.

Likitan Dabbobi, Gusau:
Ƙari kan haka, ciwon dawaki na Afirka ƙananan ƙwari ne masu cizo daga magariba zuwa wayewar gari ke yaɗa shi. Yana iya kashe tara cikin dawaki goma da ya kama, alfadari kamar rabi, jakinmu kuwa da wuya ya kashe shi. Kada a kafa turaku a bakin fadama. A hau tudu inda iska ke kaɗawa, a yi hayaƙi da yamma. A Faransa, inda ake ruwan harsashi, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na dabbobin Ingila da suka mutu wutar abokan gaba ta kashe. Sauran cuta ce da rama da sanyi da taɓo.

Zan kuma taɓo abin da na san ba za a so ba. Runduna mai yawa ba ta tafiya da ingarmu zalla. A dandaƙe su. Ingarma yana faɗa a turke, yana haniniya in ya ji goɗiya, ya tona asirin masu kwanton ɓauna. Sai dai a yi dandaƙar da sanyi, ba lokacin ƙuda ba, a ba shi wata guda, a yi masa rigakafin sandarewar jiki.

Baban Barga, Argungu:
A'a Likita, nan ban bi ka ba. Barade da 'yan lihidda ingarmu sunka hau. Lihidi da sulke da kwalkwali nauyi gare su, sai doki mai wuya da zuciya. Kuma in kun dandaƙe na ƙwarai duka, wa zai hau goɗiya baɗi? Maganin faɗa tazara ta. Taki huɗu tsakanin turke da turke, dabaibayi ga ƙahwa, kowane doki da yaronsa, goɗiya kuwa ba ta zuwa sansani ko kusa.

Likitan Dabbobi, Gusau:
Baba, kun faɗi sharaɗin da kanku: kowane doki da yaronsa. Doki dubu, yara dubu, su ma a ciyar da su. Sarki mai barori da zagage zai iya. Rundunar da soja ɗaya ke riƙe dawaki huɗu in 'yan'uwansa sun sauka harbi ba za ta iya da ingarmu ba. A ware mafi kyau a bar su gida don iri, wannan na yarda.

Malamin Tarihi, Gwandu:
Wurin riƙe dawakin nan akwai misali biyu a ƙasarmu. A Kwatarkwashi, ƙarshen Fabrairu 1903, sojan doki na Turawa kimanin 45 ne suka gamu da rundunar Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu. Doki ya kawo su ne kawai, a ƙasa suka yi faɗan, sun ɗaure sahu ta kusurwa huɗu, mahayan Kano suka yi ta kawo hari ba su karya su ba, Waziri ya rasu a wurin. A Satiru kuwa, Fabrairu 1906, irin wannan runduna ba ta gama ɗaure sahu ba aka auka mata, dawaki suka firgita, talakawa masu gatari da fartanya suka tarwatsa ta. Dokin da ba a saba masa da ƙara da ihu ba, barinsa a gida ya fi. Horon nan da ƙarfafa jiki ba ya kasa mako shida zuwa takwas: tafiya da farko, ana ƙara nisa da nauyi sannu a hankali.

Malamin Zaure, Gummi:
Allah ya ƙara wa malamai sani. Shari'a ma ta yi wa wannan tanadi. Aya ta 60 a Suratul Anfal ta ambaci ɗaure dawaki cikin shiri. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u hurumi don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabza. Wato kiwo aka fara tanada. A rabon ganima kuma, a mazhabarmu ta Malikiyya mai doki kaso uku gare shi, biyu na doki ɗaya nasa, mai ƙasa kaso ɗaya. Wannan ya sa mutum ya ciyar da doki daga aljihunsa shekara da shekaru, baitulmali bai kashe ko wuri ba. Alfadari da jaki da raƙumi ba su da kaso. A Tabkin Kwatto a 1804 dawakin jama'ar Shehu ba su wuce ashirin ba, Gobirawa na da 'yan lifidi ɗari. Daga ganima da kyautar sarakuna ga barorinsu aka tara na baya.

Malamar Noma, Zuru:
Allah gafarta Malam, ko rashin kason nan na cikin abin da ya sa alfadari ya yi ƙaranci a ƙasarmu? Don a aikin kaya ya fi doki nesa ba kusa ba. Jaki ne ke hawan goɗiya a same shi, shi kuma ba ya haihuwa, kowane ɗaya sai an sake haɗawa, an kuma hana goɗiyar haifar doki a shekarar. Amma cinsa bai kai na doki ba, kofatonsa ya fi tauri, ba ya cika ciki har ya kashe kansa, ga sanin takun dutse. A ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, rundunar Ingila ta musamman mai suna Chindit, wadda bataliyoyi uku na sojan Nijeriya ke cikinta, da alfadarai ta ɗauki rediyo da manyan bindigogi. A jirgin sama aka kai da yawansu bayan layin Japanawa, an kuma yi musu aiki a maƙogwaro don kada kukansu ya tona asiri. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a kwarin Kaladan, can Bama, kuwa 'yan dako ta dogara da su.

Malamin Zaure, Gummi:
Malama, akwai ruwayar da ta nuna rashin son a ɗora jaki kan goɗiya, malamai da dama sun fassara ta da gudun kada dawaki su ragu. Hawansa kuwa babu laifi, Manzon Allah a kan farar alfadara yake ranar Hunaini. A nan ƙasar ina ganin jaki da raƙumi da takarkari sun riga sun tare aikin kaya, goɗiya kuma tsada gare ta.

Dillali, Jega:
To saura abu guda da ba a taɓa ba, kuma nan kuɗin hukuma ka zurarewa. Doki guda ana iya sayar wa gwamnati shi sau biyu: a saye da sahe, a hitar da shi ta bayan gari da dare, a maido gobe. Ko a musanya na ƙwarai da rago bisa hanya. Da an biya kuɗi a sa mishi shaida nan take gaban mai saye.

Likitan Dabbobi, Gusau:
Haka ne Alhaji. Sojan Ingila lamba biyu suke yi: tambarin gwamnati da wuta a jiki, da lambar dokin a kofato. A littafi kuma a rubuta launi, tsawo, shekaru, farin goshi da na ƙafa, da inda gashi ya yi juyi, don wannan ba a iya canza shi. In doki ya mutu, a da har kofaton mai lambar ake sarowa a kawo shaida, kada wani ya sayar ya ce ya mutu. A kula wurin ƙona kofato: a sama kaɗan da tsakiya, ba kusa da gashi ba inda nama yake, kuma ƙarfen ya taɓa ne kawai, kada ya nutse. Kofato yana tsiro kusan santimita ɗaya a wata, lambar tana gangarowa har ta goge a ƙasa, don haka duk wata shida sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da littafi a hannu a sake bugawa.